Kuɗin ƙaramar hukuma: wa zai nuna mana takardar abin da aka kashe?

Manomin_Gero:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun bara. An haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a unguwarmu, aka kafa allo da sunan ƙaramar hukuma, aka yi taron buɗewa har da maroƙa. Wata huɗu muka sha ruwa famfon ya tsaya. Yanzu tankin na nan a sama babu ɗigo, ƙarƙashinsa ya zama wurin kwanan awaki, yaranmu sun koma sayen jarka wurin 'yan garuwa. Makon jiya na shirya na tafi sakatariya, ba da faɗa ba, tambaya kawai: nawa aka ba da kwangilar, wa aka ba, kuma akwai sharaɗin gyara in ta lalace? Wanda na fara tararwa a bakin ofis ya ce wa ya aiko ni. Na ce ni na aiko kaina. Na biyu ya ce ni ɗan wace jam'iyya ne. Na zauna kan benci tun hantsi har aka kira azahar, ƙarshe aka ce wanda ke riƙe da fayil ɗin ya yi tafiya. To don Allah masu sani, talaka yana da haƙƙin ganin irin wannan takarda ko kuwa ni ne na wuce gona da iri?

Mai_Kula_da_Zaure:
Wa alaikumus salam. Muhawara a buɗe take, sai dai ƙa'idarmu tana nan: kada a kama sunan mutum ko na wata ƙaramar hukuma a zarge ta da abin da ba a da hujja. Zauren nan akwai mutanen Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, da baƙinmu na cikin Katsina. A yi magana kan lamarin.

Lauya_Ɗan_Tudun_Wada:
Malam Manomi, ba ka wuce gona da iri ba ko kaɗan. Akwai dokar 'yancin samun bayanai wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. A ƙarƙashinta kowane ɗan ƙasa na iya neman takardun hukuma, kuma dokar ta fayyace cewa ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. Ke nan tambayar "wa ya aiko ka" ba ta da gurbi. In ka miƙa buƙata, kwana 7 suke da shi su amsa. Suna iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai. Idan sun ƙi, dole su rubuta dalili, kai kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu. Wanda kotu ta samu ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce a kansa.

Kuskurenka ɗaya ne: ka je da baki. Rubuta wasiƙa kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayar, ka ajiye a gida. Daga ranar hatimin ake fara ƙirga.

Maman_Khalifa:
Barista, wanda bai iya rubutu ba fa? Mu mata mu ne ke shan wahalar ruwan nan, kuma yawancin matan unguwarmu ba su yi boko ba.

Lauya_Ɗan_Tudun_Wada:
Hajiya, dokar ta tanadi wannan. Wanda bai iya rubutu ba ko mai lalura yana iya sa wani ya nema a madadinsa, kuma jami'in da aka kai wa buƙata da baki an ɗora masa ya rubuta ta ya ba mai nema kwafi. Na ce a rubuto daga gida ne saboda ya fi sauƙin kafa hujja.

Bakatsinen_Ƙofar_Soro:
Barista, ni abin da na daɗe ina ji shi ne dokar nan ta gwamnatin tarayya ce, ba ta hau kan jihohi sai majalisar jiha ta yi tata. Da wannan aka sallami wani abokina.

Lauya_Ɗan_Tudun_Wada:
An daɗe ana wannan jayayya, kotuna ma sun saɓa wa juna a kai. Amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo cewa dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Wannan ƙofar an rufe ta.

Tsohon_Ma'aji:
'Ya'yana, na yi shekaru a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki, don kada a ɗora wa maras laifi laifi.

Abin da ke shigowa ba ɓoyayye ba ne. Duk wata ana zaman raba arzikin ƙasa a Abuja. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. A harajin kayayyaki kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna fitar da jadawalin, kowace ƙaramar hukuma da sunanta da adadinta. Tun zamanin Obasanjo, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, aka fara buga shi a jaridu. Na tuna yadda muke yanke shafin mu ajiye a aljihun tebur.

Matsalar ita ce adadin da ka gani a jarida ba shi ke isa hannun ciyaman ba. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce a buɗe asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗi can suke fara sauka. A can ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da kuɗin horar da ma'aikata, da ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ake turowa. Akwai watan da bayan mun biya albashin ma'aikata, abin da ya saura bai kai a gina kwalbati biyu ba. Mutane na zagin ciyaman a gari, shi kuma ba zai iya fitowa ya faɗi abin da aka ba shi ba, don ya san wanda ya ɗora shi a kujerar.

Ɗan_Kusugu84:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan ai tsohon zance ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, gwamnoni su cire hannu, kuma ta haramta naɗa kantomomi. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya shigar da ƙarar a kan gwamnoni 36. Yanzu wane uzuri ya rage?

Tsohon_Ma'aji:
Ɗana, hukunci daban, aiwatarwa daban. Bayan hukuncin an kwashe watanni ana ta batun buɗe asusu a Babban Banki, ana ja ana saki. Ko a 2019 hukumar da ke sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta fitar da ƙa'ida cewa kada a cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Sa'annan ka sa wannan a ranka: ko an turo kuɗin kai tsaye har cikin sakatariya, in babu wanda ke duba yadda aka kashe su, wurin ɓatansu kawai aka sauya. Shi ya sa tambayar Malam Manomi ta fi hukuncin muhimmanci a wurina.

Malamin_Firamare:
Baba ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu malamai da yawanmu tsoron wannan 'yancin cin gashin kai na ƙananan hukumomi muke yi. Manyanmu sun ba mu labarin shekarun da albashin firamare ke hannun ƙananan hukumomi, malami ya yi wata uku, wata huɗu babu ko sisi. Ƙungiyarmu ta daɗe tana cewa a ba su 'yanci amma a ware albashin malamai. Ajina yara sun haura tamanin, rabi a ƙasa suke zaune. Ni ma ina son in ga takarda, in san nawa aka rubuta an kashe kan kujerun makarantarmu.

Kansilan_Jiya:
Ni na yi kansila zango ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba. A doka mu ne majalisa. Mu ke amincewa da kasafin kuɗi, mu ke da ikon kiran shugaban sashe ya yi bayani. A aikace, kasafin ya zo mana ranar da ake so mu sa hannu, littafi mai kauri, kwafi ɗaya tak, mu fiye da goma. Na ce a ba mu kwana uku mu karanta, aka ce ana jiransa a Katsina gobe da safe. Na sa hannu. Har yau abin yana damuna.

Amma ku ma jama'a ku ji naku. Tun asuba ƙofar gidana cike take. Wannan matarsa ta haihu, wannan takardar asibiti, wannan kuɗin jarrabawar yaro. Shekarun da na yi, mutum ɗaya bai taɓa zuwa ya ce mini "Kansila, nuna mini kasafin mazaɓarmu" ba. Ko ɗaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maman_Khalifa:
Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan ba. Matar da ta zo ƙofarka da takardar asibiti, me ya kawo ta? Asibitin mazaɓa ne babu magani. Ni da kaina na kai ƙanwata haihuwa cikin dare, da fitilar waya ungozoma ta karɓi haihuwar, safar hannu ma mu muka saya. Da an kashe kuɗin inda aka rubuta, ba za mu zo roƙo ba. Yunwa ce ta hana mu tambaya, ba rashin hankali ba.

Kansilan_Jiya:
Gaskiyarki Hajiya. Ban faɗa don in wanke kaina ba.

Direban_Tasha:
Kowa na maganar kuɗin Abuja. Kuɗin da ake karɓa a hannunmu fa? Ranar kasuwa duk motar da ta yi lodi sai ta biya. Mai rumfa ya biya, mai tallan da ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya biya, a kara kowace dabba da kuɗinta. Wani lokaci a ba ka rasit, wani lokaci a yaga rabi a ba ka, wani lokaci a ce littafi ya ƙare. Na ajiye rasit na wata guda a cikin mota, da na duba sai na ga biyu lambarsu ɗaya. Kuma da damina tashar tamu sai ka naɗe wando kafin ka shiga.

Ɗalibar_Lissafi:
Kawu Direba, kada ka yar da rasit ɗin nan, hujja ce babba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Duk wanda ke karɓar kuɗin tasha, gyaran tasha na wuyansa.

Na kuma gwada abin da Baba Ma'aji ya faɗa. Na sauke jadawalin rabon wata a wayata, na nemo jihar Katsina, ga ƙananan hukumomi 34 a jere. Minti goma bai ɗauke ni ba. Na kwatanta da na farkon 2023, kafin a cire tallafin man fetur, adadin ya ƙaru sosai. Sai na nemi takardar da ke nuna inda kuɗin suka tafi, na kwana biyu ina lalube a intanet ban samu abin da zan riƙe ba. Mun san abin da ya shiga tulu, ba mu san ta inda yake yoyo ba.

Ɗan_Kusugu84:
Ƙanwata, adadi ya ƙaru amma nawa buhun siminti yake yanzu, nawa yake a lokacin? A riƙa haɗawa da wannan.

Ɗalibar_Lissafi:
Haka ne Yaya. To su fito su faɗa mana hakan da alƙaluma, mu ma mu lissafa.

Dattijon_Sarkin_Yara:
Ku yara ba ku ga zamanin En'e ba, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Ni na ga ƙarshensa. Ba zan yabe shi ba, an yi zalunci, dogari na iya kama mutum kan haraji a gaban iyalinsa. Amma akwai abu ɗaya. Mutum ya san kuɗinsa ne, don daga aljihunsa aka cira, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. A ƙasar Katsina ma aka fara kafa baitulmali a Arewa, zamanin Sarki Dikko. Da aka yi gyaran 1976 aka kawo ƙananan hukumomi, daga baya Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin jihar Kaduna, mun yi murna ƙwarai. Sai dai tun daga nan mutane suka ɗauka kuɗin hukuma kyauta ce daga Legas, daga baya Abuja. Wanda aka yi wa kyauta kuwa ba ya tambayar lissafi.

Ɗalibar_Lissafi:
Baba, har yanzu muna biya, ba ma gani ne kawai. Duk katin waya da ka saya akwai harajin kashi 7.5 a ciki. Daga nan ake ba su kashi 35 ɗin da Baba Ma'aji ya ambata.

Dattijon_Sarkin_Yara:
To kin ji. Allah ya yi miki albarka. Wannan ya kamata a riƙa faɗa a rediyo.

Jikan_Mai_Goro:
Ni fa ina ganin ana ɓata lokaci. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 2025, jam'iyya ɗaya ta ɗauke kujerun ciyaman 34 da na kansila 361 gaba ɗaya. Haka ake yi a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Wanda bai ji tsoron ƙuri'arka ba, wasiƙarka zai ji tsoro? A mayar da zaɓen hannun hukumar zaɓe ta ƙasa tukuna.

Bakatsinen_Ƙofar_Soro:
Wannan sai an gyara kundin tsarin mulki, kuma sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun yarda, wato 24 cikin 36. Mu zauna babu ruwa har ranar?

Mai_Kula_da_Zaure:
A dawo kan tambayar Malam Manomi. Maganar jam'iyyu a buɗe mata wani zaren.

Alaramma_Na_Zango:
Abin da ya fi damuna a labarin Malam Manomi shi ne yadda aka mayar da tambaya rashin ladabi. A tarbiyyarmu yaro ba ya titsiye babba, wannan gaskiya ne. Amma dukiyar jama'a amana ce, kuma mai riƙon amana ana tambayarsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yana kan mimbari wani ya miƙe ya ce ba za su saurara ba sai ya faɗi inda ya samu yadin da ya isa rigarsa, alhali kowa ƙyalle ɗaya aka ba shi kuma shi dogo ne. Bai sa an kama mutumin ba. Ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida cewa shi ya ba shi nasa kason. Idan Umar ya amsa tambaya kan riga, wane ne zai ƙi amsawa kan rijiya? Ni dai na yi niyyar in yi magana a kan wannan a karatun bayan magariba.

Hajiyar_Sabon_Gari:
Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa a yi tambayar da ladabi kuma a yi ta a ƙungiya. Mu a unguwarmu magudanar ruwa ce ta toshe shekara biyu, ruwa na shiga gidaje. Mutum ɗaya-ɗaya sun je an sallame su. Sai muka haɗu mata goma sha biyar, muka fara zuwa wurin mai unguwa, ya raka mu wurin hakimi, hakimi ya ba mu takarda. Da muka isa sakatariya da takardar, kujeru aka kawo mana. Ba a nuna mana kasafi ba, amma cikin sati uku aka turo lebura aka yashe.

Ɗan_Kusugu84:
Hajiya, madalla da an yashe, amma kin ga alfarma aka yi muku saboda takardar hakimi. Wanda ba shi da hanyar hakimi fa? Kuma har yau ba ku san ko an rubuta an yashe ta sau uku a waɗancan shekaru biyun ba.

Hajiyar_Sabon_Gari:
Wannan kam ban sani ba, ɗana. Ruwa dai ya daina shiga ɗakina.

Tsohon_Ma'aji:
Malam Manomi, in za ka rubuta, kada ka ce "ina son bayani kan rijiya". Za a ba ka amsar layi biyu. Ka nemi abubuwa da sunansu: takardar ba da kwangila, takardar ƙiyasin kayan aiki da farashinsu, takardar shaidar kammala aiki wadda injiniyan sashen ayyuka ya sa wa hannu, da baucan biya. A yawancin kwangiloli ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wasu watanni, sai an tabbatar aikin bai lalace ba a sake masa. Rijiyar da ta tsaya a wata huɗu, ka tambaya ko an saki wannan kuɗin, kuma wa ya sa hannu. Nan maganar take.

Ka kuma fara tabbatar da mai aikin. Sau da yawa allo na ɗauke da sunan ƙaramar hukuma alhali aikin na ɗan majalisa ne ko na wata hukumar jiha. Je ka ɗauki hoton allon tun kafin rana ta cinye rubutun. Sannan akwai babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi a jiha, rahotonsa majalisar dokoki yake zuwa. Aika masa kwafi.

Kansilan_Jiya:
Ka ba kansilanku kwafi shi ma. Wani yana son ya yi tambaya a zauren majalisa amma yana tsoron a ce shi ya ƙirƙiro. In takarda ta fito daga jama'a, ya samu abin dogara.

Jikan_Mai_Goro:
Ku dai ku yi hattara. Mai ɗan aiki a hukuma ko mai rumfa a kasuwa kada ya sa hannu, gobe a ce an soke rumfarsa.

Manomin_Gero:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je da yamman nan na ɗauki hoton allon. Sunan kamfanin ya goge rabi amma shekarar da sunan hukumar suna nan. Ni ba ni da rumfa, ba ni da albashi, gonata gadon mahaifina ce, don haka zan sa hannu. Na yi magana da mutum shida a masallaci, huɗu sun yarda, biyu sun ce sai sun yi shawara da mai unguwa. Barista, da Hausa zan rubuta ko sai da Turanci?

Lauya_Ɗan_Tudun_Wada:
Turo mini abin da ka rubuta da Hausa ta akwatin saƙo, in mayar maka da Turanci, ka haɗa duka biyun ka miƙa. Kada ka bar wurin sai an buga hatimi a kwafinka.

Maman_Khalifa:
Malam Manomi, a bar wa mata wuri a takardar. In babu biro za mu dangwala.

Direban_Tasha:
Barista, rasit ɗina fa? Wasiƙa ɗaya za a haɗa ko tawa daban?